Baƙuwar da Ta Riƙe Ni

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a tsakar gida, iska ta kawo mini ƙamshin ganyen rogo da ake dafawa da manja. Matar wani soja ce ta ɗora tukunya, daga cikin waɗanda aka kawo aiki nan Ƙonni suke haya a gidan da ke jikin namu. Na ajiye zanen da ke hannuna a cikin bokiti, na nemi wuri na zauna. Na fi shekara talatin rabona da wannan ƙamshi, kuma mutum ɗaya ce na san tana irin wannan miya, matar Baffana, wadda duk ƙauyenmu ke kira Baƙuwa har ta koma ga Mahaliccinta. Labarinta nake so in ba ku, don na ga waɗanda suka san ta sai ƙarewa suke yi.

Ƙauyenmu yana gaba da Tsarnawa, tafiyar rabin wuni a amalanke idan hanya ta bushe. Babban gida ne mai zaure ɗaya, Kaka ce ke riƙe da shi tun da mijinta ya rasu. Ƴaƴanta maza biyu ne. Baba, wanda ya haife ni, shi ne babba. Sai ƙanensa Baffa, wanda na tashi ban san shi ba sai a wani hoto da Kaka ke ɓoyewa cikin kwalla. Tun yana saurayi ya bi ƴan cin rani zuwa kurmi. Sauran suna dawowa da faɗuwar ruwa su kama noma, shi kuwa ya yi ta gaba har ya kai wata ƴar ƙaramar ƙasa a bakin teku, ya kafa shagon albasa da wake, ya yi aure, aka haifa masa ɗa namiji. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don shi kansa Baffa har ya mutu ba ya son a ambace ta a gabansa. Abin da muka sani nasa shi ne saƙo: atamfa ga Kaka duk shekara, goro, da wata rediyo mai jakar fata da ta zama ta dukan gida.

Ina da shekara takwas suka iso, cikin bazara, lokacin da zafi ke hana kaji fitowa daga ƙarƙashin rumbu. Wata babbar mota ce ta gwamnati ta kwaso mutanenmu daga can ta zube su a Ƙonni, su kuma suka ƙaraso a amalanken wani mai gishiri. Mun fito da gudu muna zaton za a sauke akwatuna. Abin da aka sauke shi ne buhu ɗaya da tukunyar ƙarfe ɗaya. Baffa ya rame, gemunsa ya yi furfura fiye da na yayansa. A bayansa wata doguwar mace baƙa ta sauko, gashinta a aske, da wani ɗan ƙaramin gicciye na itace a wuyanta.

Kaka ta sa aka shimfiɗa tabarma aka dama fura. Sai da suka sha suka huta, ta dubi ƙofa, ta dubi ɗanta, ta ce, "Ina jikana?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Matar ba ta jin Hausa sosai a lokacin, amma ta gane tambayar. Ta zame daga kan tabarma ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hannu biyu. Kaka ba ta ƙara tambaya ba. Ita ma ta sauka daga tabarmar, ta zauna a turɓaya kusa da ita, suka daɗe a haka. Mu yara aka kore mu waje.

A kwanakin da suka biyo baya mutane suka yi ta zuwa barka da jaje. Da la'asar Baffa yakan zauna a gindin itacen bedi na ƙofar gida, dattawa su kewaye shi, mu kuma muna raɓe muna saurare. Ya ce ƙasar ƙarama ce, mota tana ratsa ta a wuni ɗaya. Rabin mutanenta masallaci suke zuwa, rabi coci, kuma da yawa uwa ɗaya uba ɗaya ne. Da layya ana aika wa maƙwabta nama, su ma ranar bikinsu su aiko da shinkafa. Ya ce yaƙi ne ya koro su, kuma faɗan da farko na kujerar mulki ne, tsakanin mutum biyu da ba su taɓa kwana da yunwa ba. Ɗaya Turawa ke riƙe da shi saboda abin da ake haƙowa a ƙasar, ɗayan kuma wata ƙasa maƙwabciya ke ba shi bindigogi. Da suka rasa masu mutuwa dominsu, sai kowanne ya gano cewa ba abin da ke tara mutane da sauri kamar a ce musu an taɓa addininsu. Cikin wata shida, in ji shi, wanda ka yi shekara ashirin kana gaisawa da shi ya zo ya shafa fenti a ƙofar shagonka don a gane. Dangin matarsa ne suka ɓoye shi a rumbun masara har aka samu hanyar fita. Game da ɗansa kuwa, abin da yake cewa kawai shi ne kwanansa ya ƙare.

Dattawa sukan girgiza kai su ce Allah ya kiyaye, su kuma gode wa Allah da ya yi mu duka alƙibla ɗaya muke fuskanta.

Matar ta yi damina guda kamar ba ta da rai. Tana tashi, tana shara, tana bin mata gona, amma idonta ba ya kan kowa. In babur ya yi ƙara a bayan gida sai ka gan ta kwance rub da ciki. Da kaka ta yi, an gama ɗaure damman gero an cika rumbuna, wata safiya Kaka ta kira ni ta ce in ɗauko tabarmata da kwanona. Ta kama hannuna har ƙofar ɗakin Baƙuwa, ta sa hannuna a cikin nata, ta ce, "Ga ɗiya na ba ki. Ba aro ba ce."

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ba wadda ta rasa ɗa riƙon wani. Innata tana da mu shida, ba ta hana ba. Baba ma da aka faɗa masa, cewa ya yi abin da mahaifiyarsa ta yanke ya yanku. Tsohon limamin ƙauyenmu, wanda ya raɗa wa rabin ƙauyen suna, ya ce lada ce, kuma baƙo amana ne.

Shekara uku na yi a ɗakinta. Hausarta ta kasuwa ce, tana ce wa mace "ya zo", namiji "ta tafi", ni nake gyara mata muna dariya. Ba ta iya daka ba, tafin hannunta ya yi ta ɗurar ruwa yana fashewa har ya yi kanta. Ta dasa rogo a bayan ɗaki inda ruwan wanka ke bi, ba don saiwar ba, don ganyen. In Baffa ya je kasuwar Ƙonni ya samo ɗan manja, sai ta kirɓa ganyen ta dafa shi tun safe har azahar. Matan gida suka fara da toshe hanci suna cewa abincin awaki ne, daga baya suka koma aiko da kwano. Takan yi mini wani irin kitso mai tsayawa kamar ƙahon barewa, wanda ba wanda ya iya shi a ƙauyen, ƙawayena na lakwal, wato makarantar boko, su yi ta taɓawa. Ran Lahadi da hantsi takan ja ƙyaure ta zauna ita kaɗai da wani ɗan littafi da ya sha hannu, ina jin tana rera wani abu a hankali. Ni kuwa ina waje ina korar kaji daga shanya har ta fito. Ba wanda ya taɓa hana ta, ba kuma wanda ta taɓa kira. A shekara ta biyu ne na fara jin dariyarta mai ƙarfi, ranar da akuyar Kaka ta shiga ɗaki ta fito da kwando a kai.

A cikin waɗannan shekaru ne abubuwa suka fara shigo mana daga waje, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da fuskar alheri. Siyasa ta fara zuwa, da motoci masu lasifika da zannuwa masu hoton mutum. Ba a daɗe ba rediyo ta ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai, aka yi ta sa kiɗan soja wuni guda, daga baya aka ce za a sake zaɓe. Kaka takan ce su dai ba su gajiya, mu ne muke gajiya. Sai wasu Turawa suka zo da farar mota suka haƙa famfo a yammacin gari, suka kafa allo da rubutun da ba mai iya karantawa sai mushen lakwal, wato malamin makarantarmu, suka ce a naɗa kwamiti mai riƙe makulli. Shekarar da ta biyo, wasu samarinmu da suka yi karatu a hayin iyaka suka dawo da littattafai da kaset-kaset na wa'azi, da kuma labarin cewa wani attajiri a ƙasar Larabawa, wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, zai gina mana masallacin siminti da rijiya. Aka gina shi a gabas, fari tas, da lasifika mai aiki da batir.

Ba zan zalunci samarin nan ba. Sun koya wa mata da yawa karatun sallah daidai, sun hana wasu almubazzarancin biki da ke karya talaka. Baba ya bi su da zuciya ɗaya, kuma na ga ya canza, ya daina zagi, ya daina fushi da Innata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma ba a yi nisa ba sai aka fara duba inda mutum ke sa hannunsa in yana sallah, a ƙirji ko a sake. Masu sabon masallaci suka daina bin tsohon liman. Masu tsohon suka daina cin yankan masu sabon. Ƴan siyasa kuwa da suka ga tsaga sai suka sa ƙafa, jam'iyya ɗaya ta rungumi gabas, ɗaya ta rungumi yamma, makullin famfo ya koma hannun ɓangare guda. A shekarar mun yi ƙaramar sallah kwana biyu a ƙauyen da bai kai gida ɗari ba, wasu suna cin tuwo wasu suna azumi.

A wajen wani suna ne Baffa ya tashi ya yi magana, shi da ba ya magana a taro. Ya ce ya taɓa ganin farkon wannan abu, kuma ya ga ƙarshensa. Ya ce duk wanda ya ba ka rijiya daga nesa, ka tambaye shi wa ya ce kada a ba ruwan. Wani saurayi ya ce ai can kafirai ne da Musulmi, nan kuwa gyara ake yi. Aka yi dariya, wasu suka ce tsoron yaƙi ne bai sake shi ba. Ya koma ya zauna.

Ni kuwa ban san cewa maganar za ta biyo ta kaina ba. An fara da gugar zana a masallaci, ana cewa akwai masu wa'azin gyara alhali ɗiyarsu tana kwana a ɗakin mai gicciye. Baba ya yi ta haɗiyewa har wata biyu. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya shigo gida ya durƙusa a gaban Kaka, ya ce yana neman ta yafe masa, amma zai mayar da ni ɗakin uwata. Ya ce ranar lahira shi za a tambaya, ba wani ba.

Kaka tana gyaran wake a faifai. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ni na ba da ta. In kana da magana, da ni za ka yi."

Ya ce ba ya jayayya da ita a kan komai na duniya, amma wannan ba na duniya ba ne. Ana haka Baffa ya shigo. Ban taɓa ganin sun ɗaga wa juna murya ba sai ranar. Matan gida suka tsaya cirko-cirko a ƙofofin ɗakuna, ni ina maƙale a jikin rumbu. Baba ya ce yarinya tana tashi ne a kan abin da ta gani, kuma ba ya so ta tashi tsakanin addini biyu ba ta san nata ba. A nan ne Baffa ya faɗi abin da ya ɓoye shekara uku.

Ya ce, "Yaya, ɗana suna biyu gare shi. Wanda na raɗa mishi, da wanda dangin uwarshi ke kiran shi da shi. Shekararshi sha shida. Mun aike shi sayen gawayi, aka tare shi da wasu a shingen hanya, aka ce kowa ya faɗi sunanshi. Ya dubi mutanen, ya zaɓi wanda yake zaton shi za ya cece shi. Har yau ban san wanne ya faɗa ba, kuma ban san su wane ne suka tare shi ba, namu ko nasu. Su duka shinge suke kafawa. Kai ma yanzu shinge kake kafawa a tsakar gidan ubanmu."

Baba ya ce ya ji, kuma Allah ya jiƙan yaron, amma bai canza magana ba.

Baƙuwa ce ta raba su. Duk abin nan tana cikin ɗaki tana ji. Sai ga ta ta fito da tabarmata a naɗe, da kwanona, da ƴan tufafina a ƙulle cikin ɗankwalinta mafi kyau. Ta zo ta kama hannuna. Na tirje ina kuka, ta ja ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har ƙofar ɗakin Innata. Ta durƙusa ta gaida Kaka, ta ce da Hausarta mai karkata, ta gode da shekara uku, amma ta riga ta ga inda wa da ƙane suka yi faɗa, ba za a yi a kanta ba. Ta koma ɗaki ta ja ƙyaure, ba ranar Lahadi ba.

Kafin damina aka ja katangar ƙasa ta raba gidan biyu, aka fasa wa Baffa ƙofa ta baya. Ɗakin Kaka ya faɗo a tsakiya, ta ce duk wanda ya toshe mata ko ɗaya daga ƙofofin biyu ba ta yafe ba, sai aka bar mata. Ta nan nake satar hanya. Amma Baƙuwa ba ta ƙara bari na taka cikin ɗakinta ba. In ta gan ni sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi karatuna, ta gyara mini ɗaurin zane, ta ce in koma kada ubana ya neme ni. Ranar da ta yi miyar ganye takan kai kwano ɗakin Kaka ta ajiye ba ta ce na wane ne ba. Na yi fushi da ita ƙwarai a lokacin. Gani nake ta ba da ni da sauƙi.

Shekara biyu bayan haka, a tsakiyar damina, zazzaɓi ya kama Baƙuwa ya haɗu da tari. An yi kwana huɗu ana ruwa, ƙoramar da ke tsakaninmu da babbar hanya ta cika ta batse, ba amalanken da zai haye balle a kai ta likita. Kaka ta dafa duk saiwar da ta sani. Rana ta biyar da hantsi ta cika, kanta a cinyar Kaka.

Sai aka rasa yadda za a yi da ita. Mutanen sabon masallaci suka aiko cewa ba za a sa ta a maƙabartar Musulmi ba. Baffa ya tafi wajen tsohon liman, tsohon ya yi hawaye, ya ce shi ma ba shi da ikon yi mata sallah, kuma in ya ce a sa ta can za a zubar da jini a kan kabari. A wannan rana ɗaya ce na ga masallatan biyu sun yi magana ɗaya. Coci yana Ƙonni, ruwa ya raba mu da shi. Baffa ya ce zai binne ta a gefen gonarsa, ya ɗauki magirbi da shebur ya fita shi kaɗai, mutum mai shekara kusan sittin da ciwon baya. Maza suna zaune a zaurukansu, kowa yana jiran ya ga wa zai fara tashi, don kowa yana tsoron abin da ɓangarensa zai ce.

Kaka ta aiko a kira ni, ba ta nemi izinin kowa ba. Ita ta yi wankan, ni ina zuba ruwa. Ta buɗe kwallarta ta ciro farin ƙyallen da ta daɗe da tanada don likkafaninta, ta naɗe ta da shi. Da muka gama, ta ɗauki hauyarta ta rataya a kafaɗa, ta ce in biyo ta. Ba ta bi ta ƙofar baya ba. Ta tsakiyar gari ta bi, a hankali, tana dogara sanda, ta gaban sabon masallaci, ta gaban tsohon. Wani dattijo ya tambaye ta ina za ta da hauya, ta ce, "Zan tai in taya ɗana gina. Na ga garin ba maza."

Kafin mu kai gona mutum bakwai sun biyo mu, daga gabas da yamma, ba mai kallon wani. Suka karɓi magirbi daga hannun Baffa. Baba ba ya cikinsu. Amma da aka koma ɗauko ta, an tarar da amalankensa a ƙofar baya, an ɗaura jaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma a kai, ba kowa a wurin.

Da aka sa ta a rami aka yi tsaye, ba wanda ya san abin da za a ce. Sai mushen lakwal, wani siririn mutum da gwamnati ta turo daga can yammacin ƙasa, ya matso ya roƙi Baffa ɗan littafin nan nata. Shekara huɗu yana koyar da mu, ba wanda ya san addininsu ɗaya da ita. Ya buɗe ya karanta da Faransanci, ya yi alama a goshi da ƙirji. Aka mayar da ƙasa. Gero ya kai gwiwa a lokacin, ko'ina kore shar, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Kafin shekara ta zagayo iyaye da yawa sun cire ƴaƴansu daga lakwal, shi kuma aka mayar da shi wani gari.

Baffa ya ƙara shekara uku. Yana noma, yana sallah a gida, ba ya zuwa ko ɗaya daga masallatan. Ya rasu da rani, Baba ne ya yi masa wanka. Kaka ta bi shi ba da daɗewa ba, amma kafin nan sai da ta sa Baba ya yi mata alkawarin ba zai cire ni daga karatu ba. Ya cika. Da haka na zama ungozoma, na yi aure, na zauna a Ƙonni.

Yanzu masallatai huɗu ne a ƙauyenmu, don sabon ma ya rabu, kuma kowanne da wanda ke aiko masa daga nesa. Famfon ya lalace tun tuni, allon ne kawai ya rage. A nan gari na ga an rufe iyaka har magani ya gagare mu a asibiti, na ga an buɗe. Na ga an kori sojojin wata ƙasa ana murna, an karɓi na wata ana murna. Yara suna yawo a kan babura da tutocin ƙasashen da ba su san inda suke ba. Kowane sabon baƙo yana zuwa ne da alkawarin zai raba mu da na jiya. Ni dai na kai shekarun da ba na fita tarbar kowa. Aikina in karɓi haihuwa, kuma ban taɓa ganin jaririn da ya fito da hannu a ƙirji ko a sake don wani ɓangare ba.

Baba yana wurina shekara biyu ke nan, idanunsa sun tafi. Ba ya yawan magana. Wata la'asar a watan jiya ina yanke masa farce, sai ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarama, ya ce yana da tambaya, in faɗa masa tsakanina da Allah. Ya ce matar ƙanensa, a shekarun da na yi a ɗakinta, ta taɓa koya mini wani abu na addininta?

Na ce masa ko sau ɗaya. Na ce ita ce ke tashina sallar asuba kullum, ta ɗumama mini ruwan alwala in ana sanyi, kuma ba ta ba ni koko sai ta ga na sallame. Da azumina na fari ita ta hana ni karyawa, ta zauna tare da ni ba ta ci komai ba har aka sha ruwa. Takan ce uwar mijinta amana ta ba ta, yadda ta karɓe ni haka za ta mayar.

Can ya ce, "Mi ya hana ki faɗa mini?"

Na ce, "Ba ka tambaye ni ba, Baba. Ba wanda ya tambaye ni."

Ya janye hannunsa daga nawa ya ɗora a gwiwa. Ya ce in an yi girbi in samo mota in kai shi ƙauye, in tsayar da shi a wurin da aka sa ta, ko da ba zai gani ba. Na ce to. Ban faɗa masa cewa an raba gonar an sayar ba, kuma garma ta bi ta kan wurin shekara da shekaru, ni kaina ba zan iya nuna shi ba. Ban kuma faɗa masa cewa direbobi sun daina bin hanyar da yamma ba, saboda masu bindiga da ake gani a dajin. An yi girbi, an gama. Duk safiya yakan tambaye ni ko an samu motar, ni kuma in ce masa ana nema.